Yadda al'ummar ƙauye za ta bunƙasa nomanta

Yawancin manoman karkara a arewacin Najeriya sun iya aikin gona, amma wahalar da suke sha da damina ba ta komawa aljihunsu, domin da kaka suke sayar da amfani a lokacin da farashi ya faɗi warwas, sa'annan su sayi hatsin da tsada idan bazara ta yi. Saboda haka duk garin da yake son nomansa ya ci gaba, sai ya haɗa gyaran gona da gyaran ajiya da ciniki.

Matakin farko shi ne kafa ƙungiyar gama kai ta manoman da suka san juna, a yi mata rajista a ofishin ƙungiyoyi na jiha, a buɗe mata asusun banki, a kuma damƙa littafin shige da ficen kuɗi ga wanda aka yarda da amanarsa, ko da ba mai faɗa a ji ba ne. Da ƙungiya ake sayen taki a dunƙule kafin ruwa ya sauka, da ita kuma ake samun kunnen malamin gona da na Bankin Manoma. Bai kamata a bar mata a baya ba, tun da sarrafa gyaɗa da kiwon awaki da kaji galibi a hannunsu suke.

Daga nan sai ƙasa, wadda a wurare da dama ta gaji da hatsi shekara da shekaru. Takin zamani shi kaɗai ba ya farfaɗo da ita. Ya kamata kowane gida ya haƙa rami tun da rani, ya riƙa zuba kashin dabbobi da toka da ragowar kara, yana yayyafa ruwa yana juyawa har su ruɓe, a kai gona kafin huɗa. Idan za a sa wa masara takin yuriya, a tona gefen shuka a binne ta a ƙasa mai danshi, domin wadda aka watsa a fili rana da iska ne suke cin rabonta. Gonar da wuta-wuta ta addaba kuwa, a hutar da ita daga dawa da masara, a shuka waken soya ko gyaɗa, a kuma tuge ciyawar kafin ta yi fure, don kowace guda tana zubar da dubban iri da ke daɗewa a ƙasa. Kada a sare gawo, domin da damina yake kaɗe ganyensa, ba ya yi wa shuka inuwa, hatsin da ke ƙarƙashinsa ma ya fi kyau.

Game da iri, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da masara mai suna SAMMAZ, da wake SAMPEA, da gyaɗa SAMNUT, cikinsu har da masu nuna da wuri, waɗanda suka dace da inda damina take gajera. A gwada sabon iri a kunya kaɗan tukuna, kusa da na gida, kowa ya gani da idonsa. Kafin shuka, a binne ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen yashi, a ƙirga waɗanda suka tsiro bayan mako guda, don a san ko irin yana da kyau.

Ajiya ce, a ganina, ta fi cancantar kulawar ƙungiya. Sai hatsi ya bushe sarai kafin a ɗura shi, kuma ana gane haka idan aka zuba ɗan kaɗan a busasshiyar kwalba tare da gishiri aka girgiza: in gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Wake kuwa, buhun PICS mai leda biyu a ciki ya wadatar, muddin aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, domin ƙwari suna mutuwa saboda rashin iska ba tare da an zuba guba a abin da iyali za su ci ba. Sai ƙungiya ta tanadi ɗakin ajiya guda, ta jera buhuna a kan katako nesa da bango, ta rubuta sunan mai kowane buhu. Manomin da buƙatar biki ko kuɗin makaranta ta taso masa zai iya karɓar rance daga asusu, buhunansa su zama jingina, a sayar bayan watanni a cire bashin a ba shi ragowar. Farashi ba ya tashi kowace shekara, don haka kada rancen ya kai darajar kayan gaba ɗaya, kuma a riƙa bin labarin manyan kasuwanni irin su Dawanau kafin a yanke ranar fitarwa.

Inda akwai fadama, ribar ajiyar farko za ta iya sayen injin ban ruwa na haɗin gwiwa don noman albasa da tumatir da rani. Kafin a fara, a zauna da mai gari da arɗo a tabbatar da burtali da mashaya, a kuma tsayar da ranar da za a saki dabbobi su shiga gonaki bayan an kwashe amfani.