Yadda za ka auna rabon daraktan wasanni idan ƙungiya ta farfaɗo

Ƙungiya ta shekara da shekaru tana rarrafe a ƙasan teburi, sai ga ta ta miƙe, har ta ɗaga kofi. Nan take musu zai kaure. Wani ya ce aikin koci ne, wani ya ce daraktan wasanni ne ya tara 'yan wasan, wani ya ce kuɗin mai kulob ne kawai. Ni abin da ke damuna shi ne yawancinmu daga kofin muke fara lissafi, alhali darakta ba ya buga ƙwallo. Abin da yake yi shi ne yanke shawara kan saye da sayar da 'yan wasa da ɗaukar koci, kuma kowace shawara tana da ranar da aka yanke ta. Saboda haka ɗauko takarda da biro.

Fara da rubuta shekarar da aka ba shi muƙamin. Sai ka jera 'yan wasa goma sha ɗaya da suka fi buga wasa a kakar da aka yi nasara, kowa ka sa masa shekarar zuwansa a gefe. Wannan kaɗai yakan kashe rabin musun. Dubi Leicester City da ta ci Firimiya a 2016. Koci Claudio Ranieri ya zo ne a Yulin 2015, ya tarar da Jamie Vardy da aka ɗauko daga Fleetwood Town tun 2012, ya tarar da Riyad Mahrez da ya zo daga Le Havre a farkon 2014. N'Golo Kanté ya iso daga Caen a 2015. Mutumin da ke jagorantar nemo 'yan wasa a duk wannan lokaci shi ne Steve Walsh. Kafin Ranieri ya zo ma, ƙungiyar ta ci wasa bakwai cikin tara na ƙarshen kakar da ta gabata a hannun Nigel Pearson. Ranieri ya yi aikin da babu mai ƙwace masa, amma takardarka za ta nuna maka cewa ba shi ya haɗa kayan aikin ba.

Wani lokaci kuma mai aikin ya riga ya tafi kafin a raba yabo. Darakta Luis Campos ya bar Monaco a 2016, ƙungiyar ta ci gasar Faransa a 2017. Ya bar Lille a ƙarshen 2020, ita ma ta ci gasar a 2021. Idan hoton ranar bikin kofi ka dogara da shi, ba za ka ga fuskarsa ba ko sau ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bayan kwanan wata, bincika wa ke da ta cewa a cikin kulob ɗin. Sunan muƙami yana yaudara. A zamanin Alex Ferguson a Manchester United, koci ne ke zaɓar wanda za a saya. A wasu ƙungiyoyin mai kulob ne ke yanke hukunci, darakta sai sa hannu. Nemi hirarrakin da mutanen suka yi da bakinsu, ka ba su nauyi fiye da jita-jitar kasuwar 'yan wasa.

Sai kuɗi. Kada ka tsaya kan abin da aka kashe wajen saye, duba albashi, domin ƙungiyoyin da suka fi biyan albashi su ne galibi ke ƙarewa a saman teburi. Wanda ya fi kowa biyan albashi kuma ya zo na ɗaya, ya yi abin da ake tsammani ne. Wanda albashinsa na tsakiyar teburi ne amma ya kai ƙungiya gasar Turai, shi ne ya kamata ka tsaya a kansa. Ka kuma duba yadda yake sayarwa, abin da masu kallo suka fi mantawa da shi. A Janairun 2018 Liverpool ta sayar wa Barcelona da Philippe Coutinho a zamanin darakta Michael Edwards, a watan ta kawo Virgil van Dijk kan fam miliyan 75, bayan wata shida ta kawo mai tsaron raga Alisson. Gasar Zakarun Turai ta zo a 2019, Firimiya a 2020. Sakin ɗan wasan da magoya baya ke ƙauna yana buƙatar ƙarfin zuciya, kuma wannan kan darakta yake faɗawa.

A wurina shawarar da ta fi kowace nauyi ita ce zaɓen koci, kuma a nan ne nake son ka daɗe. Tambayi kanka, ranar da aka naɗa shi, mutum nawa ne suka ga abin da daraktan ya gani? A Oktoban 2022 Bayer Leverkusen tana ta biyun ƙarshe a teburin Jamus. Daraktanta Simon Rolfes ya miƙa ta ga Xabi Alonso, wanda bai taɓa horar da babbar ƙungiya ba, ƙaramar ƙungiyar Real Sociedad ce aikinsa na baya. Da abin ya lalace, da Rolfes ne zai sha zagi. A 2023 ya ƙara masa Granit Xhaka da Victor Boniface, ya samo Alejandro Grimaldo a kyauta bayan ƙarewar kwantiraginsa da Benfica, suka ci gasar 2024 ba a doke su ko sau ɗaya ba. Idan ka ce duk aikin Alonso ne, to wa ya kawo Alonson? Amma ka tsaya a nan. Tsarin wasa, atisaye, canjin da aka yi a minti na saba'in, duk na koci ne, kada ka ɗora wa darakta abin da ba ya ko kusa da shi.

Gwajin da na fi yarda da shi yana ɗaukar shekaru, shi ya sa ba a son sa a wurin musu. Jira koci ya tafi, ka ga ko ginin zai tsaya. Monchi ya karɓi aikin darakta a Sevilla a 2000, lokacin da ta faɗa gasa ta biyu. Ta ci kofin UEFA a 2006 da 2007 da Juande Ramos, ta ci kofin, wanda aka sauya wa suna zuwa Europa, sau uku a jere daga 2014 zuwa 2016 da Unai Emery, ta sake ci a 2020 da Julen Lopetegui, sannan a 2023 da José Luis Mendilibar. Koci huɗu, 'yan wasa suna zuwa suna tafiya, Dani Alves da Seydou Keita sun koma Barcelona, kofi bai daina shigowa ba. Irin wannan ba sa'a ba ce.

Sannan ka juya gwajin, ka bi daraktan zuwa inda ya koma. Monchin nan ya je Roma a 2017, bai cika shekara biyu ba ya bar ta ya koma Sevilla, magoya baya ba su yi kewarsa ba. Walsh ya zama darakta a Everton a 2016, a 2017 aka kawo Gylfi Sigurdsson da Davy Klaassen da Wayne Rooney, dukansu masu son wuri ɗaya a fili, a 2018 aka sallame shi. Wannan bai share abin da suka yi a baya ba. Abin da yake nuna maka shi ne wani kaso na yabon da ka ba su na mutanen da ke kewaye da su ne, masu zuwa kallon 'yan wasa a ƙananan filaye, da mai kulob da ya ba su lokaci. Rage musu wannan kason.

Kafin ka rufe takardar, buɗe shafi na biyu ka rubuta waɗanda ya saya suka ƙare a benci, da kocin da ya ɗauka bai yi ba. Rolfes ɗin da na yaba, shi ne ya kawo Erik ten Hag a 2025 bayan tafiyar Alonso, aka kore shi bayan wasa biyu kacal na gasar Jamus. Wannan ma sunansa za ka sa a kai.