Yadda ake sauya tagogin gida a Ingila ba tare da an jawo danshi da funfuna ba

Duk wanda ya sayi tsohon gida a Ingila, hunturun farko ne ke tura shi neman sababbin tagogi. Iska na kutsowa ta kowane gefe, kuɗin gas na cin aljihu. Sai a sa na roba masu gilashi biyu, gida ya yi ɗumi. Ba a jima ba sai gilashi ya fara gumi kullum da safe, bangon bayan wadrob ya yi baƙi da funfuna. Ashe ta ramukan tsofaffin tagogin nan ne tururin girki da na wanka da numfashin masu gida ke fita.

Maganin wata siririyar kafar iska ce da ake yankawa a saman firam, mai ɗan murfi da ake buɗewa da yatsa. Ko taga na kulle, iska na shiga kaɗan-kaɗan dare da rana. Ga yadda za ka bi.

Da farko, duba tagogin da za a cire. In suna da wannan kafa, dole sababbin su zo da ita, kuma kada ta gaza ta da girma. In ba su da ita, to tun 15 ga Yuni 2022 Sashe na F na dokokin gini ya ce aikin bai kamata ya rage wa gida iskar da yake samu ba, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a sa kafar.

Na biyu, lissafa ɗaki-ɗaki. Falo, ɗakin kwana da kicin, kowanne na buƙatar aƙalla murabba'in milimita 8,000, banɗaki kuma 4,000. In gidan na da fankar zuƙe iska mai aiki ba tsayawa, 4,000 ya wadatar a falo da ɗakunan kwana. A lura, ba faɗin ramin ake aunawa da tef ba, yawan iskar da ke iya wucewa ta cikinsa ake nufi, kuma galibi adadin na rubuce a jikin murfin. Sau da yawa kafa ɗaya ba ta kai, sai an sa biyu ko uku a ɗaki.

Na uku shi ne inda ake yawan yin sake, wato wajen ciniki. Za ka haɗu da mai aikin da zai ce maka kafar na ɓata wa taga kyau, tana shigo da sanyi, ka sa hannu a takarda cewa ba ka so, shi ke nan. Wannan takarda ba ta ɗauke wa kowa nauyin doka. Wani kuma zai nuna maka cewa ana iya kulle tagar a ɗan buɗe. Wannan ma ba a karɓarsa a madadin kafar, balle a ƙasan bene inda ɓarawo ke iya sa ƙarfe ya ɓalle. Ka sa a rubuta maka adadin kowane ɗaki a takardar farashi tun kafin ka ba da kafin alƙalami, domin a masana'anta ake yanka ramin. In gidanka na bakin babban titi, nemi irin mai rage ƙara. Ta fi tsada, amma ta fi a wayi gari ka liƙe ramin da salatif saboda motoci sun hana ka barci.

Ni a ganina ɗan zafin da ke tsiyaya ta nan bai kai a yi gardama a kansa ba. A Disamba 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak na garin Rochdale, ya rasu, binciken da aka kammala a 2022 kuma ya tabbatar funfunar gidan da suke haya ce ta lalata masa numfashi. Gidajenmu kuwa ba sa rabo da tukunya a wuta, ga wankin yara da ake shanyawa a kan hita duk hunturu.

Na huɗu, ka ɗauki mai aikin da ke da rajista da FENSA ko Certass, wato ƙungiyoyin da ke tantance masu aikin sa tagogi, ka karɓi takardar shaida in an gama. Ranar da ka tashi sayar da gidan, lauyan mai saye zai tambaye ta. In gidan na cikin gine-ginen tarihi da aka kare, sai ka fara tuntuɓar ƙaramar hukuma.

Bayan an gama, bar murfin a buɗe, har da lokacin sanyi. Kafar ba ta maye gurbin fankar kicin da ta banɗaki, don haka kunna su lokacin girki da wanka. Lokaci-lokaci ka goge ƙura da yanar gizo-gizo daga ramin. In kuma akwai wata kafar iska a bango kusa da murhun gas, kada ka toshe ta don ka sami sababbin tagogi: ita wutar take ciyarwa, toshe ta na iya tara iskar guba marar wari a ɗaki.