Yadda ake lallaɓa ƙafa da hannu in kemo ya taɓa jijiya

Innarmu ta yi kemo, wato maganin kansa da ake sawa ta ƙarin ruwa, na kansar mama, ni ce mai jinya, muna ta zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da asibitin koyarwa na UDUTH Sakkwato. Zuba amai da zubewar gashi mun shirya musu, amma ƙafar da ta fara ce mana tana ji kamar tana taka auduga, da dare kuma zugi kamar an barbaɗa barkono, wannan ba mu san da shi ba. Maganin ne ke taɓa ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon ji, yana farawa daga yatsun ƙafa da na hannu ya riƙa haurowa. Waɗanda suka fi yin haka su ne paclitaxel, cisplatin, oxaliplatin da vincristine, ku duba katin asibiti ku ga wanne ake sa wa naku.

Na farko, ku faɗa wa likita kafin a ɗaura ruwa na gaba. Na ga mata da yawa a layi suna ɓoyewa wai kar a tsayar musu da magani bayan an sayar da gona an saya, alhali likita na iya rage yawansa ko ya jinkirta ko ya sauya, kuma jijiya in ta lalace sosai ba lallai ta dawo ba. Kar ku ce "da sauƙi" kawai, ku ce ta kasa ɓalle maɓalli, silifa na fita ba ta sani ba, kofi na suɓuce mata. In akwai ciwon suga a faɗa, don shi ma yana cin jijiya.

Na biyu, a nan muka sha wuya, wuta. Da hunturu ya shigo Inna ta ce ƙafarta ƙanƙara, aka kawo kaskon garwashi ta miƙe ƙafa a gefensa har barci ya ɗauke ta, da safe sai ga bororo a tafin ƙafa, wallahi ba ta ji komai ba. Ciwon ya ɗauki makonni saboda kemo ya riga ya karya garkuwar jiki. Tun daga ranar doka ce a gidanmu, kasko ba ya matsowa kusa da ita, safa mai kauri da bargo kawai. Ruwan wanka da na alwala wani ne zai taɓa mata, ko ta gwada da gwiwar hannu. Salansar kabu-kabu ma wuta ce, haka rairayin tsakar gida a watan Afrilu. Tukunya a kan murhu kuwa a bar wa yara mata, in dole ne a sa tsumma mai kauri.

Kowane dare a haska tocila a duba ƙafa, tafin, dunduniya, tsakanin yatsu. Ni na hana lalle a ƙafa gaba ɗaya don yana rufe ja da ƙaramin rauni, ta yi ta mita amma ban janye ba. A wanke, a tsane sosai, a shafa man kaɗanya ko basilin saboda faso, ban da tsakanin yatsu. Ba tafiya ba takalmi ko zuwa makewayi ne, a samu rufaffe mai taushi, na gwanjo ma ya isa ba sai an kashe kuɗi ba, kuma a kakkaɓe shi kafin sawa saboda tsakuwa da kunama. Masu shiga fadamar shinkafa a sa robar ƙafa. Reza a kan kaushi, tsaga, ƙaho, sakiya, duk a ajiye su, wanzami ba zai tada jijiya ba sai dai ya buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa.

Wanda ake sa wa oxaliplatin nasa daban, sanyi ne ke tayar masa da ciwon, kwanakin farko bayan ƙarin ruwa ya guji ruwan firji da ƙanƙara da taɓa ƙarfe mai sanyi.

Maganin zugin, wanda bincike ya fi goyon baya shi ne duloxetine, likita ke rubutawa kuma ba a yanke shi lokaci guda. Kar a je kemis a sayo tramadol, kar kuma a yi ta ɗura bitamin B6, in ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya.

Sai faɗuwa. A naɗe tabarmar da ke kan hanya, fitila ta kwana a kunne, kujera a banɗaki, sanda ba abin kunya ba ce, sallah a zaune in tsayuwa na rawa. A riƙa ɗan tattaki kullum da sanyin safiya, a murza yatsu, jan carbi ma motsa hannu ne. Masu cisplatin da oxaliplatin kar ku firgita in ciwon jijiyar ya ƙaru wata biyu ko uku bayan an gama kemo, yakan yi haka. Amma rauni ya yi ja ko ruwa, ko zazzaɓi ya shigo, ko ƙafa ta fara jan ƙasa, a ranar za a tafi asibiti, ba jiran ranar kilinik.