Yadda Ake Gyara Ƙasa Domin Shuka Furez a Gida a Damagaram

Furez, wanda wasu ke kira istiroberi, tsiro ne mai son sanyi, shi ya sa a Damagaram ake dasa shi idan hunturu ya kawo kai, wajen watan Nuwamba. Yawancin saiwarsa ba ta wuce santimita 20 na saman ƙasa, kuma ƙasarmu rairayi ce da ba ta riƙe ruwa balle taki, don haka gyaran ƙasa ya kamata ya riga dashe da makonni.

Da farko a zaɓi wurin da ba a shuka tumatir, tattasai, yalo ko dankalin turawa a ƴan shekarun nan ba, domin suna barin wata cuta a ƙasa da ke sa furez yaushi. Sai a haƙa fangali, a tsince duwatsu da leda.

Daga nan a zuba takin gargajiya, kamar bokiti biyu a kowace murabba'in mita, a cuɗanya shi da ƙasa. Kashin awaki da na tumaki sun fi sauƙin samu a gidajenmu, amma dole ya kasance ya ruɓe sarai. Ana gane haka idan ya yi baƙi, ya daina ɗoyi, yana marmashewa a tafin hannu, kuma in an cusa hannu cikin tarin ba a jin zafi. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, ƙone saiwa yake yi. A yi ta bayi har mako biyu kafin a dasa.

Toka kuwa, duk da cewa mutane da yawa sun saba watsa ta a garka, a nisantar da ita, domin furez ya fi son ƙasa mai ɗan tsami, wato 5.5 zuwa 6.5 a pH, ma'aunin tsamin ƙasa, toka kuma tana kashe tsamin. Haka ruwa mai kanwa ko gishiri: idan farin ɓawo ya bayyana a saman fangali, gefen ganye kuma ya fara ƙonewa, a canza ruwan.

A dasa da tazarar santimita 30, kada a binne zuciyar tsiron inda toho ke fitowa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi don ta riƙe laima, ta kuma raba ƴaƴan da ƙasa, sai dai a riƙa ɗaga ta ana duba gara.

Bayan mako uku da dashe ana iya barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 nesa kaɗan da gindi, a bi shi da ruwa nan take. Idan fure ya fito a guji takin zamani na ure, domin yawansa ganye yake ƙarawa, ƴaƴan kuma su yi laushi su rasa zaƙi.