Yadda na rataye buhun dambe a besmen ɗinmu

Buhun nan kilo 45 ne, tsawonsa ƙafa 4, na sauka da shi besmen, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ina ta murna ashe rufin wajen ƙafa 7 ne kacal, gidajen Chicago na da ke nan. Da farko ƙugiya kawai na murɗa a jikin katakon rufi ɗaya, ga sarƙa ta cinye ƙafa ɗaya da rabi, in na kai naushi saitin fuska sai in doki ƙarfe. Kuma duk bugu ɗaya sai falon sama ya girgiza, maman yara ta leƙo ta ce wai kai rushe mana gida za ka yi ne?

Sai na yanko guntun katako mai kauri na cusa shi can sama tsakanin katakan rufi biyu, dama inci 16 ne tsakaninsu, na ɗaure da dogayen sukurori, na huda shi na zura bol mai zobe da wasa (faifan ƙarfe mai huda da ake sawa kafin noti) da noti. Sarƙar na cire ta gaba ɗaya, zobban buhun na haɗa kai tsaye da wani ƙarfe mai juyawa da ke rataye a zoben bol ɗin, na maƙala yankin tsohuwar taya ƙarƙashin wasar. Buhu ya tashi fiye da ƙafa guda, girgizar ma ta ragu sosai, amma dai bayan isha'i ba na taɓa shi.