Kurakuran da masu zana taswirar "da a ce" suka fi yi, da yadda za a gyara su

Taswirorin "da a ce" sun yi yawa yanzu a Facebook da TikTok, da a ce Songhai ba ta faɗi ba, da a ce Turawa ba su ci Sakkwato ba, da a ce Rabe ne ya yi nasara a Kusuri. Ni dai ina son harkar nan sosai, don na ga tana sa matashin da bai damu da tarihi ba ya fara tambayar wane ne Askiya, ina ne Gazargamu. Amma gaskiya yawancin waɗanda ake yaɗawa ciwonsu iri ɗaya ne, mutum ya ɗauko taswirar Afirka ta yau ya zuba wa ƙasashe goma kala ɗaya ya rubuta sunan daula a tsakiya, shi ke nan wai ya gama.

Babban kuskure shi ne fara zane ba tare da ka san a ina tarihin naka ya rabu da na gaske ba. Kafin ka buɗe manhajar zane, Inkscape ko ibisPaint ko ma wacce kake amfani da ita, rubuta jimla ɗaya mai shekara a ciki. Misali: a 1591 sojojin Askiya Ishaƙ na biyu, sarkin Songhai, sun ci rundunar Moroko ta Judar Basha a Tondibi. A tarihin gaske Moroko ce ta yi nasara, Sarki Ahmad al-Mansur ya turo mutane 'yan dubbai kawai amma da bindigogi, Songhai ta koro garken shanu don su tarwatsa su, ƙarar bindiga ta firgita shanun suka juyo kan masu su. To kai ka juya wannan ranar, ita ce mararrabarka, inda tarihinka ya rabu da na gaske. Duk abun da ya faru kafin ta yana nan daram ba ka da ikon taɓa shi, duk abun da ya zo bayanta kuma sai ka tambayi kanka ko zai faru har yanzu. Sannan ka sa shekarar da taswirar take nunawa, 1650 ce ko 1900, don daular da ta shekara sittin da nasara ba ɗaya take da wadda ta shekara ɗari uku ba.

Daga nan sai maganar iyakoki, wadda ita ta fi ci min rai. Za ka ga duniyar da aka ce Bature bai taɓa mulkin Afirka ba, amma ga miƙaƙƙen layin nan na tsakanin Mali da Aljeriya zaune abunsa, ga iyakar Najeriya da Nijar yadda take a yau. Malam wa ya ja wannan layin a duniyarka? Iyakar Najeriya da Nijar ta faro ne daga yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890, layin da suka ja daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, daga baya suka yi ta gyara shi har zuwa 1906. In babu Ingila da Faransa a labarinka to babu layin. Wasu ma har iyakar jihohi suke bi, sai ka ga daula ta ƙarni na 17 ta tsaya cak a iyakar Jigawa, jihar da aka ƙirƙira a 1991. Na san dalili, shafin haɗa taswira na MapChart da ire-irensa sun zo da iyakokin yau a shirye, danna kawai za ka yi kala ta cika. Gyaran shi ne ka fara da taswira fanko mai koguna da duwatsu kaɗai, akwai ta kyauta a shafin Natural Earth, ka ja iyakarka da hannu kana bin kogi da tsauni da daji da hanyar fatake.

Garuruwa ma haka. Kaduna Turawa suka kafa ta, ta zama hedikwatar Arewa a 1917. Maiduguri ta yanzu 1907 ce. Njamena asalinta Fort-Lamy ce, an sa mata sunan hafsan Faransa da ya mutu a yaƙin Kusuri a 1900, yaƙin da aka kashe Rabe, to in a taswirarka Rabe ne ya ci yaƙin me sunan yake yi a wurin? Kuma ba garuruwan Turawa kaɗai ba. In ka juya tarihi tun 1591, Sakkwato da Muhammadu Bello ya gina a 1809, Kukawa ta Shehu Laminu a 1814, Yola ta Modibbo Adama a 1841, duk sun zo ne sanadiyyar abubuwan da suka faru shekara ɗari biyu bayan mararrabarka. Ban ce dole ka goge su ba, amma in za ka bar su ka san me ya sa. Waɗanda ba ka da fargaba a kansu su ne irin su Kano, Katsina, Zariya, Daura, Agadas, Gao, Tumbuktu, Jenne da Gazargamu, don sun riga mararrabar. Ka duba ruwa kuma, mutane na mantawa da shi. Tafkin Kainji madatsa ce ta 1968, tafkin Volta na Ghana ma madatsar Akosombo ce ta haifar da shi a shekarun 1960, kada a gan su a taswirar 1700. Shi kuma tafkin Chadi akasin haka ne, a farkon shekarun 1960 ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, wanda kake gani a hoton tauraron ɗan adam yau ɗan abun da ya rage ne.

Yanzu ga wanda kusan kowa ke faɗawa, daular da ke kumbura kamar kwaɓin fanke. Songhai ta ci yaƙi ɗaya, sai ka gan ta daga tekun Senegal har Bahar Maliya, daga Tunis har Ikko. Cin Tondibi fa ba zai warkar da abun da ke damun Songhai ba. Shekara uku kacal kafin Moroko ta zo, a 1588, sun yi yaƙin basasa a cikin gida lokacin tawayen Balama Sadiƙ, rikicin gadon sarauta kuwa ya daɗe yana cin gidan Askiya. Zinariya ma wani kaso nata ya fara karkata zuwa bakin teku tun da Fotugal ta gina sansaninta a Elmina a 1482. Kuma maƙwabta ba barci suke ba. A daidai lokacin Mai Idris Aloma ne a Borno kuma yana da nasa 'yan bindigar, Kabi kuwa tun zamanin Kanta ta ƙwace kanta daga Songhai ta kafa Surame ta tsaya a tsakani. Duk taswirar da ta sa daula ɗaya tana ta girma alhali sauran sun daskare kamar yadda aka bar su, ba ta yi tunani ba. Ka ba maƙwabta nasu labarin, wani ya ƙaru wani ya rushe, wata sabuwar masarauta ta fito a inda ba a zata ba.

Sai ƙasa kanta. Ƙarfin daulolin nan namu doki ne, doki kuwa ba ya daɗewa a inda ƙudan tsando yake, shi ya sa in mahaya suka nufi kurmi sai tafiya ta tsaya. Wajen 1840 dawakin Ilori sun kwashi kashinsu a hannun Ibadan a Oshogbo, tura kudu ta tsaya nan. In kana so daularka ta sha ruwan teku to ka nuna mana da me, jiragen ruwa ne a kan Kwara, sojan ƙasa masu bindiga ne, ko ƙawance ne da wata masarautar kurmi. Nisa ma haka yake, Ibn Battuta wata biyu ya yi daga Sijilmasa zuwa Walata a 1352. Sarkin da saƙonsa ke ɗaukar wata biyu kafin ya isa, amsa ta ɗauki wasu biyun, ba mulki yake yi a can ba, iyakaci a aiko masa da gaisuwa in an ga dama.

Wannan ya kawo mu ga kala ɗaya shafe-shafe. Ko Daular Sakkwato ta gaske a lokacin ƙarfinta ba haka take ba. Argungu tana nan kusa da Sakkwato da Gwandu amma ta yi ta turjiya, Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri sun yi ta kawo hari, Abuja ta Haɓen Zazzau, wato Suleja ta yau, tana zaman kanta, ga Ningi, ga mutanen saman duwatsun Filato, Damagaram kuma dama ba ta ciki. To in ta gaske tana da ramuka haka, taka ta ƙirƙira don me za ta zama sumul? Yi amfani da kala mai duhu a inda sarki ke naɗa hakimi da kansa, mai haske a inda ake biyan haraji kawai, zane-zanen layi a inda ake jayayya ko ake kai hari. A Sahara kuma kada ka shafe rairayi da fenti, abun da ake mallaka a can rijiya ce da gishiri da hanya, don haka sa ɗigo a Tagaza da Bilma da Agadas ka haɗa su da layin ayari. Tagazar nan ma ai gishirinta na cikin abun da ya haɗa Moroko da Songhai faɗa tun farko.

Na fasaha ba zan daɗe a kansu ba. Shimfiɗar Mercator, wato wata hanya ta baje duniya a kan takarda, wadda aka fito da ita a 1569 don matuƙan jirgin ruwa, tana kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, shi ya sa Girinlan ke fitowa kamar ta kai Afirka alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14. In taswirarka ta haɗa Turai da Afirka nemi shimfiɗar da ke kiyaye girman ƙasa, manhajar taswira ta QGIS za ta canza maka. Ka raba aikinka hawa-hawa, koguna daban, iyaka daban, rubutu daban, don ranar da za ka matsar da iyaka kada ka ɓata komai. Sa ma'aunin nisa da ɗan akwatin bayanin kaloli. Kuma ka buɗe ta a waya kafin ka saka, yawancin masu gani a waya za su gani, rubutun da ya fito tsaf a kwamfuta a can ba ya karantuwa.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba, wai wa ya zana taswirar a cikin duniyar taka? In malamin Tumbuktu ne to ba zai rubuta Neja ba, mutanen Songhai Isa Beri suke ce wa kogin, mu Kwara, Mandinkawa Joliba. Sunan Najeriya ma sai 1897 'yar jaridar Ingila Flora Shaw ta kawo shi. Ba dole ba ne kuma arewa ta kasance a sama, taswirar duniya da malamin nan Al-Idrisi ya kammala a 1154 kudu ce a samanta. Je ka nemi hoton taswirar da aka ba matafiyin Birtaniya Clapperton a fadar Sarkin Musulmi Bello a 1824, da rubutun Larabci, ka ga yadda mutanen nan suke kallon ƙasarsu, garuruwa da hanyoyi da kogi ne a gabansu. Ko ɗan kaɗan ka ɗauko daga salon, taswirarka za ta fita daban.

Na ƙarshe kuma don Allah a kula da shi. Rubuta a jikin hoton, ba a bayanin da ke ƙasansa ba, cewa wannan ƙirƙira ce ba tarihi ba, tare da shekarar mararraba. Bayanin ƙasa ba ya bin hoto in an tura shi WhatsApp, kwana biyu sai ka ga ana gardama da taswirarka ana cewa ai ga hujja kakanninmu sun mulki garinku, wani ya zagi ƙabilar wani. Sa rubutun a wurin da ba a iya yanke shi ba tare da an yanke taswirar ba, misali a cikin akwatin take ko a kan teku kusa da gaɓa, kuma da girman da za a iya karantawa a waya.