Yadda ake gina gidan ƙasa a dajin bakin teku, inda ruwan sama ya yi yawa

A kudu maso yammacin Ghana, wajajen garin Axim, ruwan saman da ke sauka a shekara yakan haura milimita 2,000, wato ya ninka na Damagaram fiye da sau huɗu. Duk da haka ana gina ɗakunan ƙasa a can da salon da ake kira Atakpame, inda ake dunƙula kwaɓaɓɓiyar ƙasa ana ɗora ta sahu-sahu tun tana da laima. Wanda ya saba da tubali da soro, idan zai yi gini a irin wannan wuri, dole ne ya fara shawo kan ruwa kafin ya yi tunanin bango.

Aiki yana farawa ne daga zaɓen fili. A zagaya shi da tsakiyar damina, a ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi, sannan a zaɓi tudu. Kada a share dajin gaba ɗaya, domin saiwoyin bishiyoyi ne ke riƙe ƙasa, sai dai a buɗe sararin da rana da iska za su riƙa samun bango, kuma a sare duk reshen da zai rataya a kan rufi.

Ƙasar sama mai ruɓaɓɓen ganye ba ta gini, a kwashe ta a kai lambu. A haƙo jar ƙasar da ke ƙarƙashinta, a zuba kaɗan a kwalba da ruwa, a girgiza, a ajiye: yashi zai fara kwantawa, yumɓu kuma ya zauna a sama daga baya. Abin da ake so shi ne yashi ya rinjayi yumɓu sosai, domin yumɓu idan ya yi yawa bango yakan tsage wajen bushewa. A yi ƴan tubala na gwaji a shanya su. Wanda ya tsattsage yana neman ƙarin yashi, wanda ya marmashe yana neman yumɓu. Yashin bakin teku kuwa, ko da yake yana kusa kuma kyauta ne, a guje shi, saboda gishirinsa yana janyo danshi cikin bango.

Harsashi ne wurin da bai kamata a yi rowa ba. A haƙa rami a zuba tsakuwa, a fitar masa da magudana zuwa gangare, sannan a ɗora dutse har ya tashi kamar rabin mita daga ƙasa, yadda feshin ruwa ba zai kai ga laka ba, kuma hanyar gara za ta fito fili a gan ta da wuri.

A fara bango da shigowar rani, wajen watan Disamba. A cuɗa ƙasa da busasshiyar ciyawa da ƙafa, a ɗora sahu ɗaya da bai wuce rabin mita ba, a bar shi ya yi ƙarfi kafin a ƙara wani, domin iskar bakin teku mai laima ba ta busar da gini da sauri kamar ta arewa. Wasu magina sukan fara kafa rufi a kan ginshiƙai su yi bangon a ƙarƙashinsa, kuma a ganina wannan ita ce dabara mafi aminci.

Shimfiɗaɗɗen rufin soro bai dace da nan ba. Ana buƙatar rufi mai gangara sosai, wanda bakinsa ya zarce bango da kusan mita ɗaya, tare da indararo mai kai ruwa cikin tanki don amfanin gida. Iska mai gishiri tana cin ƙarfe, saboda haka a nemi kwanon alminiyam da ƙusoshin da ba sa tsatsa.

Wajen yaɓe, kada a yi amfani da siminti, domin yana kulle danshi a ciki har ƙasar ta jiƙe ta saki ba tare da an lura ba. A yi yaɓen ƙasa ko na farar ƙasa da yashi, a kuma duba gefen da ruwa ya fi duka bayan kowace damina, a toshe duk tsagar da aka gani kafin ta faɗaɗa.